Wace Hausa Ce Ake Cewa Mu Farfaɗo da Ita? Tambaya Daga Tambuwal da Kebbe

Duk ranar 26 ga Agusta wayoyinmu kan cika da hotunan manyan riguna da jerin karin magana, ana ta taya juna murnar Ranar Hausa ta Duniya. Tun 2015 da aka fara wannan biki a kafafen sada zumunta, jawabin bai cika sauyawa ba: Turawan mulkin mallaka sun danne harshenmu, Ingilishi yana cinye 'ya'yanmu, mu tashi mu farfaɗo da Hausa. Mu ma muna cikin masu tura hotunan, ba mu ware kanmu ba. Sai dai mu da muka tashi tsakanin Tambuwal da Kebbe, muka kuma ƙare a sana'ar rubuta manhajar kwamfuta, akwai tambayar da ke dawo mana kowace shekara. Wace Hausa ce ake cewa a farfaɗo da ita? Domin wadda ake rubuta jawaban da ita, har da wannan sharhi da ke hannunku, ba da ita iyayenmu mata suka rarrashe mu ba.

A gidajenmu ba a cewa "motar da muka hau ta tafi." Cewa ake yi "motad da munka hau ta tahi." Ba a tambayar yaro "me kake yi," sai dai "mi kaka yi." Muna ƙirga ukku, huɗu, biyat. Muna zamnawa, muna amre, muna miya da tonka, muna noman gujiya. Ranar da muka shiga firamare muka fara ganin jan biro a kan waɗannan kalmomi. Malaminmu, Allah ya saka masa da alheri, shi ma da ya koma gida "munka" yake cewa, amma a allo ya koya mana cewa "muka" ce daidai. Babu wanda ya taɓa gaya mana wa ya yanke wannan hukunci, ko yaushe aka yanke shi.

Yadda aka zaɓi Hausa ɗaya

Turawan Ingila sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Sun tarar da ƙasar da ake rubutu a cikinta da harsuna uku: Larabci, Fulatanci da Hausa, duka da baƙaƙen Larabci. Sun san da haka, domin tun 1896 Charles Robinson ya buga wasu waƙoƙin Hausa na ajami a Ingila. Duk da haka gwamnatin Lugard ta zaɓi a rubuta Hausar mulki da baƙaƙen Romawa, saboda su jami'anta suka iya karantawa, su ne kuma ke cikin injinan ɗab'inta. Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nassarawa ta Kano a 1909, ya fitar da ƙa'idojin rubutun boko a 1912. Ƙamusun Bargery ya fito a 1934. Hukumar Talifi da Rupert East ya jagoranta a Zariya ta shirya gasar ƙagaggun labarai a 1933, *Gaskiya Ta Fi Kwabo* ta fara fitowa a 1939, aka kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955. A duk wannan tafiya, Hausar Kano ce aka ɗauka a matsayin ma'auni.

Mu dubi littattafai biyar da suka fito daga waccan gasa, waɗanda har yau ake koya wa ɗalibai cewa da su ƙagaggen labarin Hausa ya fara: *Ruwan Bagaja* na Abubakar Imam, *Ganɗoki* na yayansa Bello Kagara, *Shaihu Umar* na Abubakar Tafawa Ɓalewa, *Idon Matambayi* na Muhammadu Gwarzo, da *Jiki Magayi* na John Tafida da East. Hanyarsu ta bi ta Katsina, Bauchi, Kano da Zariya. Babu ɗaya daga ƙasar Sakkwato, wadda ta fi ko'ina tsohon tarihin rubutacciyar waƙar Hausa. Ba zargin marubutan muke yi ba. East ya nemi marubuta ne a cikin waɗanda suka yi boko, yawanci 'yan Kwalejin Katsina, malaman zaurukanmu kuwa ba sa cikin wannan da'ira. Amma sakamakon shi ne zube, wato rubutun da ba waƙa ba, ya tashi da murya ɗaya tun yana jariri, ya kuma girma da ita.

Abin da ba a gaya mana a aji ba shi ne, a wurare da yawa Hausarmu ta yamma ce ta riƙe tsohuwar siga. Masana harshe tun daga August Klingenheben sun nuna cewa "zamna" ta riga "zauna," "amre" ta riga "aure," "sabka" ta riga "sauka." "Biyat" ma ta girmi "biyar." Ashe abin da jan biro ya kashe mana a littafi shi ne asali. Shi kansa Bargery bai zubar da kalmominmu ba, ya sa su a ƙamusunsa da alamar cewa na Sakkwato ne. Waɗanda suka zo bayansa, mu 'yan gida, mu ne muka mayar da alamar ta zama tabo.

Ba mu kaɗai wannan ya samu ba. A gabashin Afirka, kwamitin harshe da Turawan Ingila suka kafa a 1930 ya ɗauki Sawahilin Zanzibar ya mayar da shi ma'auni, ya bar na Mombasa, alhali waƙoƙin gaɓar arewa da aka rubuta da ajami sun daɗe da shahara. Mawaƙi Abdilatif Abdalla ya ƙi bin wannan hukunci. Diwaninsa *Sauti ya Dhiki*, wanda ya rubuta a kurkuku aka buga a 1973, da karin harshen Mombasa ya yi shi, kuma har yau ana karanta shi a jami'o'i.

Basakkwace a cikin labari

Yanzu mu dawo kan littattafan da muke karantawa a waya, na WhatsApp da Wattpad da sauransu, da kuma finafinan Kano. Sakkwatanci yana fitowa a cikinsu, amma ku lura da bakin da ake sa shi. Na maigadi ne, ko direba, ko kakar da ta zo daga ƙauye da ƙullin daddawa, ko mai maganin gargajiya da zai ba mutane dariya kafin a koma kan labari na gaske. Jarumi da jaruma kuwa, ko da marubucin ya ce mana a Sakkwato aka haife su, Hausar Kano suke yi haɗe da Ingilishi. Idan lokacin kuka ya zo, ko furta soyayya, ko wasiyyar uba a gadon mutuwa, sai "munka" ta ɓace. Abin da mai karatu ke koya ba tare da an faɗa masa ba shi ne wannan harshe ya isa barkwanci amma bai isa ɗaukar baƙin ciki ba.

Wannan rauni ne na fasaha tun kafin ya zama na adalci. Marubucin da ya san Sakkwatanci a kunne kawai yakan yayyafa "hw" a duk inda ya ga "f," ya sa "wagga" sau biyu, ya ɗauka ya gama. Sai jimlar ta fito da nahawun Kano sanye da hular Sakkwato. Zai rubuta "hwaɗa" amma ya bar "mana" a inda muke cewa "muna," ya bar "ne" da "ce" a inda muke cewa "na" da "ta." Duk ɗan Kebbe da ya karanta zai gane kwaikwayo ake yi, kamar yadda Bakano zai gane idan muka yi masa nasa.

Hujjar da ta fi ƙarfi a kan wannan ɗabi'a tana cikin wayar kowa. Ibrahim Narambaɗa, Musa Ɗanƙwairo, Salihu Jankiɗi, Ɗan Anace, duk da Hausar yamma suka yi waƙa, kuma babu Bahaushen da zai ce harshensu bai kai ga ɗaukar girma ko tsoro ko mutuwa ba. Marubuta waƙa na Kano da Zariya ma sukan ari "munka" da "sunka" idan ma'aunin baiti ya buƙata. Ke nan a waƙa harshenmu sarki ne, a zube kuwa ɗan aike. Babu wani dalili na adabi da ya raba su haka. Tarihin wanda ya riƙe injin ɗab'i a Zariya ne ya raba su.

Akwai ma abin da zube ke asara. A rubutun boko, "ya zo" ta jimlar "Audu ya zo" da "ya zo" ta jimlar "lokacin da ya zo" siffarsu ɗaya a takarda, alhali a baki ɗaya doguwa ce ɗaya gajera. Mu kuwa muna cewa "lokacin da yaz zo," "sad da tat tahi," bambancin yana fitowa har a rubuce. Ga marubucin da ya san abin da yake yi, wannan kayan aiki ne.

Ajami: hoto bai isa ba

Tambuwal gari ne na ribaɗi da Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya zauna a cikinsa, malami kuma mawaƙi da ya bar ƙasidu na Larabci. Sifawa, inda Shehu ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815, tana kan hanyarmu ta zuwa birni. Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi waƙa da harsunan nan uku, jajinta na 'Yan Taru suna ɗaukar waƙoƙin zuwa ƙauyuka suna koya wa mata. Daga wannan gado gwaggonmu ta Kebbe ta fito. Tana rubuta bashin da ake binta da wanda take bi a bayan wani tsohon kalanda, da ajami, ba ta taɓa ɓatan kwabo ba. Ranar da muka raka ta cike wata takarda, ma'aikacin ya tambaye ta matakin karatu, ya duba ta, ya sa alama a gidan "babu." Ba ta ce komai ba sai da muka fito, ta ce, "Ɗiyana, shi wanga yaro ya iya karanta nawa?"

Hukuncin 1903 bai mutu da tafiyar Turawa ba. A 2007 aka cire ajami daga takardun naira 5, 10, 20 da 50, a 2014 aka cire shi daga sabuwar naira 100. Ya rage a 200, 500 da 1000. A muhawarar da aka yi ta yi, mutane da yawa sun ɗauka Larabci ne, alhali Hausa ce zalla ke faɗin adadin kuɗin.

Ajami yana da abin da boko ya rasa. Yana nuna tsawon wasali, don haka "gari" na zama da "gari" na tuwo ba sa rikicewa, haka "dawa" ta gona da "dawa" ta namun daji. Yana kuma da nasa rauni, kada son zuciya ya hana mu faɗa. Ba a taɓa daidaita shi ba, marubucin Kano da na Sakkwato sukan saɓa a kan wasu baƙaƙe, kuma raba "o" da "u" yakan ba mai karatu wahala. Masu cewa a watsar da boko a koma ajami gaba ɗaya ba su yi lissafin abin da za a rasa na shekara ɗari ba.

Abin da muke suka shi ne yadda ake "ceto" ajami a yau. Ana ɗaukar hoton takardu, aiki ne mai kyau, kuma cibiyoyi irin su Jami'ar Boston sun yi ƙoƙari a kai, kamar yadda gidan tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato ya adana nasa. Amma ga kwamfuta, hoton shafi ba rubutu ba ne. Ba za ka iya neman kalma a cikinsa ba, ba za ka kwafi layi ka tura wa aboki ba, makaho ba zai sa waya ta karanta masa ba. Sai an sake buga shi harafi bayan harafi. Kayan aikin kuwa sun samu. Tsarin Unicode, wanda ke ba kowane harafi na duniya lambarsa, ya karɓi fa'un da ƙaf irin na rubutun Warshu a 2016, ya ƙara wasu baƙaƙen da Hausa ke buƙata a 2020. Akwai salon baƙaƙe na kyauta mai suna Alkalami da aka zana bisa hannun masu rubutun allo na ƙasar Hausa. Abin da ya rage shi ne masu zama su buga, kuma waɗanda suka fi iya karanta waɗannan takardu su ne almajirai da malaman zaure da ba a gayyatar su taron farfaɗo da harshe.

Na'ura ta gaji jan biro

Nan ne sana'armu ta sa muke gaggawa. Google Translate ya sa Hausa a 2013, yanzu kuma manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna amsa tambaya da Hausa. Waɗannan na'urori ba su san nahawu ba, ƙirga suke yi. Ana zuba musu rubutun da ke intanet, su koyi wace kalma ta fi bin wace. Hausar da ke intanet kuwa mafi yawanta ta gidajen labarai ce, irin su BBC da ta fara watsa Hausa tun 1957, da Muryar Amurka, da DW, da jaridu, da Wikipedia. Duka daidaitacciya ce. Idan na'ura ta ga "muka" ba adadi, ta ga "munka" jefi-jefi, sai ta ɗauki ta biyun a matsayin kuskuren yatsa. Mun gwada wata manhajar mayar da murya rubutu da hirar wani dattijo na garinmu. Inda ya ce "sunka tahi" ta rubuta "sun kata hi," inda ta gane kuma sai ta gyara masa zuwa Hausar Kano. Abin da Vischer ya yi da ƙa'ida, malaminmu ya yi da biro, yau na'ura ke yin sa da lissafi, kuma ita ba ta komawa gida ta ce "munka."

Gaskiya ne saƙon murya na WhatsApp ya ba Sakkwatanci sabon numfashi. Ɗan Tambuwal da ke ci-rani a Legas yana magana da mahaifiyarsa kullum da harshen gida. Amma saƙon murya ba ya zama, ranar da waya ta cika ake goge shi. Abin da aka rubuta shi ke shiga rumbun da na'urori za su koya daga ciki. Harshen da bai shiga ba a waɗannan shekaru, jikokinmu za su tarar wayarsu ba ta jin sa.

Mu ma mun ci wani

Akwai kuskuren da muke yi idan muka ari labarin wasu muka yafa. Ngugi wa Thiong'o, a littafinsa *Decolonising the Mind* na 1986, ya ba da labarin Kenya inda ake hukunta yaro don ya yi harshen uwarsa a makaranta. Wani ɓangare na wannan ya same mu, amma babban labarin Arewa daban ne. Turawa sun taƙaita Ingilishi ga 'yan kaɗan, suka mayar da Hausa harshen haraji, kotu da soja, har a ƙasashen da ba na Hausawa ba. Mishan ma da Hausa suka yi wa'azi, Littafi Mai Tsarki ya fito da ita cikakke a 1932. Maƙwabtanmu na ƙasar Zuru, masu harshen C'lela, idan ana maganar harshen da ke cinye nasu, Hausa suke gani a gaba.

A cikin gida ma haka ne. Shehu ya yi waƙoƙi masu yawa da Fulatanci, 'ya'yansa Asma'u da Isa suka mayar da wasu Hausa saboda jama'a ita suke ji. Wannan sauyi ya fara tun kafin Bature ya iso. A yau gidaje da yawa a Tambuwal da ke alfahari da asalin Fulani ba za su iya karanta waƙar kakansu da harshen da ya yi ta ba, Fulatanci ya koma ruga. A Gini kuwa, 'yan'uwa biyu, Ibrahima da Abdoulaye Barry, sun ƙirƙiro wa Fulatanci baƙaƙen ADLaM a 1989 suna yara, ya shiga Unicode a 2016, yanzu ana rubuta shi a waya. Wanda ke kukan an danne masa harshe ya kamata ya fi kowa jin kukan maƙwabcinsa.

Abin da muke nema

Wani zai ce ai daidaitacciyar Hausa ce ta sa ɗan Maraɗi da ɗan Kumasi da ɗan Bauchi ke karanta shafi ɗaya, kuma taruka irin na Bamako a 1966 da na Yamai a 1980 don haɗa kan rubutu aka yi su. Mun yarda. Da ita muka rubuta wannan, da ita Imam ya yi *Magana Jari Ce*, ba kuma mu fatan ta rushe. Takardar asibiti da ta jarrabawa suna buƙatar ma'auni ɗaya. Adabi kuwa ba takardar asibiti ba ne.

Daga marubutanmu na Sakkwato, Kebbi, Zamfara da ƙetaren iyaka a Ƙonni da Tawa, muna son gajeren labari ko littafi da mai ba da labarin kansa zai yi Sakkwatanci daga farko har ƙarshe, a cikinsa a yi makoki, a yi shari'a, a yi soyayya. Daga editoci, har da na wannan mujalla, muna roƙon kada a "gyara" shi. Mai karatun da ya haddace Narambaɗa ba zai ɓata a shafi ba. Daga Cibiyar Nazarin Hausa ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo muna fatan 'yar ƙa'ida mai sauƙi ta rubuta wannan karin harshe, domin yanzu kowa da yadda yake rubuta "yaz zo."

Sauran aikin namu ne, mu masu manhaja. Shirin Common Voice na Mozilla yana karɓar murya da jimlolin Hausa daga kowa, ƙungiyoyi irin su Masakhane da HausaNLP suna tara bayanai a fili. Mu kai musu jimlolin gidajenmu, mu sa wa kowace alamar yankin da ta fito kamar yadda Bargery ya yi, mu daina share su da sunan tsabtace bayanai. Mu biya malaman zaure su buga ajami, sunansu ya fito a kan aikin. Mun fara da ɗan abin da ke hannunmu: gwaggo ta ba mu aron kalandar nan da wasu wasiƙun mahaifinta, da sharaɗin mu cire sunayen masu bashi. Shafi goma sha ɗaya muka buga zuwa yanzu. A na bakwai akwai kalmar da babu wanda ya gane a cikinmu, sai mun koma Kebbe da salla ta karanta mana.